Gwanintar Masu Tanderun Gas

Idan masara ta kai gwiwa a gonakin Doguwa da Tudun Wada, hirar manoma ba ta wuce yuriya: nawa buhu ya kwana, na wane kamfani ya fi kama jikin shuka, wa zai bayar bashi zuwa kaka. Kamfa an riga an zuba tun shuka tana ƙarama. Yanzu farin ake nema, mai ƙananan ƙwayoyin nan da ke narkewa a tafin hannu da zarar gumi ya taɓa su. Abin da ba a cika faɗa a wajen cinikin ba shi ne, yuriya ba haƙo ta ake yi daga rami ba. Iska ce aka sarrafa har ta daskare. Naiturojin ɗin da ke cikinta, kashi 46 cikin 100 na nauyin buhun, daga iskar da muke shaƙa aka tsamo shi, sauran kuma daga gas ɗin ƙarƙashin ƙasar Neja Delta da tururin ruwa.

Kafin gas ya kai ga zama taki sai ya ratsa wani tanderu da injiniyoyi ke kira rifoma. A masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, da ta Indorama a Eleme ta jihar Ribas, da tururi ake haɗa gas a cikin wannan tanderu. Akwai wata hanya kuma da ta fi wannan wuya nesa ba kusa ba: a haɗa gas ɗin da kabon dayoksaid, iskar nan da muke fitarwa wajen numfashi, wadda kuma ke tashi daga kowace wuta. Masu sana'ar suna ce mata busasshiyar hanya, tunda ba ruwa a ciki. Ita da mutanen da suka iya ta nake son mu duba, domin bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta, wanda aka ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yunin 2020, ta kudu ya shigo jihar Kano, ta ɓangaren da hanyar Zariya ke bi ta Kwanar Dangora, ya nufi Tamburawa. Yawancin abin da ake faɗa a kansa wutar lantarki ce da gas ɗin mota. Ƙona gas kuwa shi ne mafi sauƙin abin da ake yi da shi, kuma mafi ƙarancin fasaha.

Mafi yawan abin da ke gudana a irin wannan bututu metan ne: ƙwayar kabon ɗaya riƙe da haidurojin huɗu, riƙo mai tsanani. Kabon dayoksaid kuma kabon ɗaya ne da oksijin biyu, ya riga ya gama ƙonewa, shi ya sa ake cika tukunyar kashe gobara da shi. A zuba su biyun a tulu ɗaya a toshe, a dawo bayan shekara 100, yadda aka bar su haka za a tarar da su. Amma in aka kai su zafin digiri 800 zuwa 900 a ma'aunin Selshiyos, aka bi da su ta kan ƙarfen nikel, sai su wargaje su sake haɗuwa: metan ɗaya da kabon dayoksaid ɗaya su ba da kabon monoksaid biyu da haidurojin biyu. A rubuce, CH4 + CO2 → 2CO + 2H2. Wannan gaurayen shi ake kira singas, kuma daga gare shi ake gina metanol da man dizal na haɗi da sinadarai da yawa da ke shiga roba da fenti da garin sabulu. Nikel ɗin ba ya shiga cikin abin da aka samar, a kan fuskarsa kawai ake yin aikin. Irinsa ake kira katalis.

Haɗin nan zafi yake sha. Kowane giram 16 na metan yana shanye kilojul 247, alhali hanyar tururi 206 take sha. In an faɗaɗa lissafin, kilo ɗaya na metan tare da kilo 2.75 na kabon dayoksaid yana haɗiye zafin da zai kai ruwa kusan lita 50 ga tafasa. Zafin bai salwanta ba. Yana nan kwance a cikin singas, wanda in aka ƙona shi zai ba da wutar da ta ɗara ta metan ɗin asali da kusan kashi 30 cikin 100. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

To me zai sa mutum ya bar hanyar tururi, wadda masana'antu suka saba da ita tun shekarun 1930, ya ɗauko wa kansa wahala? Awo ne dalili. Tururi yana ba da haidurojin uku a kan kabon monoksaid ɗaya, kuma hakan ya yi wa mai yin taki daidai, tunda shi haidurojin yake nema. Mai yin metanol ko dizal biyu a kan ɗaya yake so. Wasu sinadaran ɗaya da ɗaya suke buƙata, wasu ma kabon monoksaid zalla. Busasshiyar hanya ɗaya da ɗaya take bayarwa, don haka wanda ya iya hanyoyin biyu yana iya auna abin da zai fito tun daga abin da ya shigar. George Olah, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1994, ya yi ta tallata wani awo mai daɗin haddacewa: metan uku, tururi biyu, kabon dayoksaid ɗaya, su ba ka biyu a kan ɗaya cif, daidai buƙatar metanol.

Lissafin tsoho ne. Franz Fischer da Hans Tropsch, Jamusawan da suka gano yadda ake yin mai daga singas a cibiyar binciken kwal ta Mülheim, sun gwada wannan haɗi a kan nikel da kobal tun 1928. Ya yi aiki, sannan ya ci tura, domin katalis ɗinsu ya cika da baƙin gawayi. Kusan shekara 100 ke nan, kuma har gobe wannan baƙin ne abokin gabar sana'ar.

Ta ƙofa biyu yake shigowa. In zafi ya yi yawa kuma metan bai sami abin kamawa ba, sai ya fashe shi kaɗai, haidurojin ya wuce, kabon ya zauna. In kuma zafi ya sauka, kabon monoksaid biyu su koma kabon dayoksaid ɗaya su ajiye kabon ɗaya a ƙasa, abin da Bafaranshen nan Octave Boudouard ya bayyana a farkon ƙarni na 20. A yi sama baƙi, a yi ƙasa baƙi. A hanyar tururi akan tura ruwa ninki biyu da rabi zuwa uku na abin da lissafi ya nema, shi ke wanke kabon kafin ya zauna. A busasshiyar hanya kabon ya yi yawa a abin da ake shigarwa, mai wankewa kuma ya yi ƙaranci.

Yadda baƙin ke yin ɓarnarsa abin kallo ne a ƙarƙashin madubin lantarki mai hango ƙananan abubuwa. Katalis ƙwayoyi ne na tangaran, girman gaɓar yatsa, masu huda huɗu ko fiye don gas ya ratsa, an barbaɗa nikel a jikinsu da cikin kofofinsu, ɗigo-ɗigo, ƙanana ƙwarai har sai an jera fiye da dubu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Kabon yakan narke ya shiga ɗigon nikel ta gaba, ya ratsa shi, ya fito ta baya ya zama zare. Zaren ya yi ta tsawo ɗauke da ɗigon a kansa, yana raba shi da tangaran ɗin. Abin mamaki, nikel ɗin bai daina aiki ba, yana can bisa zaren yana ƙara masa tsawo. Zaren kuwa ƙarfi gare shi. In miliyoyinsa suka taru a cikin kofofin sai su tsaga ƙwayar daga ciki ta zama gari. Gari ya toshe bututu, gas ya rage wucewa, kuma tunda gas ɗin ne ke shanye zafi, duk inda ya daina wucewa sai ƙarfe ya yi ta ɗaukar wuta.

A nan ake gane gwani. Rifoma ɗaki ne na bulon da ba ya jin wuta, tsayinsa ya kai bene hawa huɗu ko fiye, a cikinsa an rataye bututai ɗaruruwa a tsaye, kowanne kimanin mita 12, faɗin cikinsa wajen santimita 10 da 'yan kai, an zuba su da ƙarfen da aka haɗa da kuromiyom da nikel. Katalis yana cikin bututan, harsunan wuta kuma suna waje a jere, daga rufi ko daga bango. An ƙera kowane bututu ya yi awa 100,000 yana aiki, wato sama da shekara 11, kuma ƙa'idar da kowane ma'aikaci ya haddace ita ce ƙarin digiri 20 a kan abin da aka tsara yana cinye rabin wannan rayuwa. Digiri 20 fa, a cikin 900.

Aikin yana farawa tun ba a kunna wuta ba, wajen loda katalis. Ba a juye shi daga sama, domin ƙwayar da ta faɗo mita 12 fashewa za ta yi. A hankali ake saukar da shi, ko a cikin doguwar safa ta leda, ko ta kan igiya mai burushi da ke rage masa gudu, don kada ya karye kuma kada ya bar rami. In an gama sai a bi bututan ɗaya bayan ɗaya, a hura iska a auna yadda take wucewa. Wanda ya bambanta da 'yan'uwansa da fiye da kashi 5 cikin 100, a zuƙe shi da inji a sake lodi, ko da kuwa shi ne na ƙarshe kuma dare ya raba. Gas hanyar sauƙi yake bi, bututun da ya matse kaɗan zai samu, shi ne kuma zai fara ja.

Bayan tanderu ya tashi, ma'aikaci yakan zagaya da gilashin kare fuska, yana buɗe 'yan tagogin leƙe da ke jikin bango. Da ya ɗaga murfi, haske da zafi su doke shi. Yana riƙe da na'urar auna zafi daga nesa, yana saita ta kan bututu yana rubutawa, amma tsofaffin hannu da ido suke fara karatu. Bututu mai lafiya launinsa ba ya tsalle, ja ne mai ruwan lemo da ke tafiya sumul daga sama zuwa ƙasa. In aka ga zobe mai haske wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama, an san katalis ya gaji a nan, baƙi ya soma zama. In dabbare-dabbare ne, wanda suke kira wuyan raƙumin dawa, to gas ya yi wa kansa hanyoyi ya bar wasu wurare. In bututu duka ya yi fari-fari, ya toshe. Kowane launi da maganinsa: a rage wutar da ke kusa, a ƙara ɗan tururi, a rage gas, ko a janye gas gaba ɗaya a bar tururi shi kaɗai ya yi sa'o'i yana cin baƙin. Kuma duk abin da ka taɓa sai ya motsa wani. Ka rage wannan wuta, maƙwabtan bututun su yi sanyi, metan ya fara fita bai sauya ba, mai ɗakin gwaji ya kira ka ya ce awo ya goce.

Lokacin da aka fi yin asarar tanderu shi ne na tayarwa, musamman tayarwar gaggawa bayan ya tsaya ba shiri. Gas kaɗan ke gudana, wuta na ci, manya na waya suna tambayar yaushe za a dawo aiki, kuma 'yan mintoci sun isa a narkar da bututai. Mutanen da suka yi shekaru a gaban waɗannan tagogi ba su taɓa ƙona bututu ba, ba wanda ya san sunansu. A ganina sun fi masu yanke ƙyallen buɗe masana'anta cancantar hoto a jarida.

Dabarar da ta fi burge ni ta farar wuta ce. Farar wuta guba ce ga nikel, ɗan kaɗan ya isa ya kwantar da katalis, shi ya sa ake tace gas ta cikin sinadarin zinki har sai abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin miliyan 10 ba. Jens Rostrup-Nielsen, na kamfanin Haldor Topsøe a Denmak, kamfanin da fasaharsa ce ke yin amoniya a masana'antar Lekki, ya lura cewa zaren kabon yana buƙatar fili mai ɗan faɗi a fuskar nikel kafin ya kafu, sauya metan kuwa ƙaramin fili ya ishe shi. Sai ya ce to a mayar da gubar da gangan, amma da awo, ta mamaye mafi yawan fuskar, ta bar 'yan gurabe da suka isa aiki amma ba su isa baƙi ya kafa gindi ba. Katalis zai rage sauri, sai a rama da ƙarin zafi. Aka sa wa hanyar suna SPARG, aka fara aiki da ita a masana'antar Sterling Chemicals a jihar Teksas ta Amurka a 1987, inda ta sauko da awon haidurojin a kan kabon monoksaid daga 2.7 zuwa 1.8. Wasu sun bi ta hanyar kuɗi, suka koma rodiyom da ruteniyom, ƙarafan da ba sa tara baƙi sosai amma tsadarsu ta fi ƙarfin babban tanderu. Wasu kuma ƙanƙanta ɗigon nikel suke yi har ya gaza ɗaukar zare.

Ba sai an je Teksas ba ma. An yi wannan aiki a Najeriya, kuma ƙarfen da ya fito ya zo har Katsina. Masana'antar ƙarfe ta Delta da ke Aladja, kusa da Warri, wadda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1982, ba ta da dogon tanderun kwal irin wanda aka tsara wa Ajaokuta. Tsarin Midrex aka kafa mata. Ana zuba dunƙulallen tama ta saman wata hasumiya, singas mai zafi yana hawowa daga ƙasa yana ƙwace oksijin ɗin da ke jikin tamar ba tare da ta narke ba. Kabon monoksaid in ya ƙwaci oksijin ya zama kabon dayoksaid, haidurojin kuma ya zama tururi. Wannan gajiyayyen gas da ya fito ta sama ba a sakinsa. Wanke shi ake yi, a ɗebi mafi yawansa a gauraya da sabon metan a mayar rifoma, ya sake fitowa singas, ya sake hawa hasumiya. Sandunan ƙarfen Aladja su aka tsara su ciyar da masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo, inda ake mayar da su rodi da waya. Aladja ba ta taɓa kai tan miliyan ɗaya a shekara da aka gina ta dominsa ba, ta kuma durƙushe a shekarun 1990, amma 'yan ƙasar nan sun tsaya a gaban waɗannan tagogi sun riƙe wutar shekara da shekaru. Shi tsarin Midrex yana nan da ransa, shi ne kan gaba a duniya wajen yin ƙarfe da gas, a Iran da Saudiyya da Masar da Aljeriya.

Bai kamata wannan ya zame wa mutumin Doguwa baƙon abu ba. Tun kafin zuwan Turawa, masu narkar da kuza na Riruwai, a ƙasar Doguwa, suna zuba baƙin yashin kuza da gawayi a tanderun yumɓu suna zuga. Gawayin da ke ci inda iska ba ta wadata ba kabon monoksaid yake bayarwa, shi ke zare oksijin daga kuzar ta gangaro fara tas, a zuba ta siraran sanduna fatake su ɗauka. Haka masu fitar da ƙarfe daga tama suka yi a gindin Dala tun ƙarni na 7. Gas ɗaya ne da na hasumiyar Aladja, kuma su ma da launin wuta suke gane lokaci.

Mu koma ga zafin nan da singas ya haɗiye. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san aiken ɗebo wuta: a ba yaro tsingaro ko murfin kwano ya je maƙwabta, ya dawo da sauri yana hurawa, domin garwashi ba ya jure tafiya. Gida biyu, gida uku, shi ke nan. Matsalar injiniyoyi ma ke nan. Tururi ko ruwan zafi a bututu, komai kaurin abin da aka naɗe shi da shi, yana zubar da zafinsa a hanya, bayan 'yan gomman kilomita sai lissafi ya ƙi. Singas kuwa ana iya sanyaya shi har ya koma zafin gari, a tura shi bututu tsirara kilomita 100 ko fiye, ko a ajiye shi a tanki wata guda, ba abin da zai ragu, tunda a ɗaurin ƙwayoyinsa zafin yake ɓoye. In ya isa inda za shi, sai a bi da shi ta kan wani katalis na nikel, a ƙasa da zafin rifoma kuma cikin matsi, haɗin ya juya da baya: ya koma metan, ya amayar da abin da ya sha, da zafin da kan kai digiri 600 ko fiye. Paul Sabatier da Jean-Baptiste Senderens ne suka gano wannan juyi a birnin Toulouse na Faransa a 1902. Daga nan metan da kabon dayoksaid su komo ta bututu na biyu a sake zagaye. Ba a ƙona gas ɗin ba, ba a saki hayaƙi ba.

Jamusawa ne suka fara gina shi da girma, a cibiyar binciken nukiliya ta Jülich. Suna da injin nukiliya na gwaji mai suna AVR, tsarin Rudolf Schulten, wanda ya kai iskar hiliyom digiri 950 a 1974, suna kuma neman yadda za su kai irin wannan zafi birane da masana'antu ba tare da sun kai injin kusa da mutane ba. Suka gina rifoma suka kira shi EVA, suka gina na juyarwa suka kira shi ADAM. Gini na biyu da suka yi na wannan tsari, mai ƙarfin megawat 10, ya yi dubban sa'o'i yana aiki a farkon shekarun 1980, da hiliyom da aka zafafa da lantarki a madadin nukiliya. Hanyar tururi suka bi. Ba a kai ga haɗa shi da injin nukiliya ba: mai ya yi arha, haɗarin Chernobyl ya auku a 1986, aka rufe AVR a 1988. Fasahar juyarwar dai ta rayu, ana yin metan daga kwal da ita a ƙasar Sin.

Masu hasken rana suka ɗauka daga nan, su kuma busasshiyar hanya suka fi so, domin ta fi ɗaukar zafi, kuma babu ruwan da za a tafasa, ga shi inda rana ta fi ƙarfi nan ruwa ya fi wuya. Talbot Chubb na cibiyar binciken sojan ruwan Amurka ya kawo tsarin da ya kira Solchem tun shekarun 1970. Wajen 1990, cibiyar Sandia ta Amurka da hukumar binciken sararin samaniya ta Jamus suka ɗora wani rifoma mai suna CAESAR a gaban faifan madubi mai faɗin mita 17 a Lampoldshausen. Soson tangaran ne da aka shafa wa rodiyom, a bayan tagar gilashi, hasken rana na dukan katalis kai tsaye. Ya sha zafi kusan kilowat 100, ya sauya har kashi 70 cikin 100 na metan, soson kuma ya tsattsage. A cibiyar Weizmann ta Isra'ila, Moshe Levy da abokan aikinsa sun rufe zagayen duka, daga rifoma mai aiki da hasken rana zuwa na juyarwa. A nan gwanintar ta ƙara wuya. Wutar tanderu ana iya saita ta, rana kuwa gajimare ɗaya ya gifta zafi ya rufto cikin daƙiƙoƙi, ya ratsa daidai yankin da baƙi ke zama.

Kada a ɗauka ina cewa gobe a kafa wannan a jihar Kano. Bututun zafi irin wannan bai fita daga filin gwaji ya shiga kasuwa ba. Madubin tara rana tsayayyen haske yake so, mu kuma watanninmu da ba gajimare su ne na hazo da ƙurar hunturu. Kabon monoksaid shi ne gas ɗin da ke kashe iyali a ɗaki in an kwana da janareta ko kaskon gawayi an rufe taga, ba wari ba launi, don haka bututunsa ta cikin gari ba abin wasa ba ne. Masu cewa wannan hanya za ta cinye iskar da ke ɗumama duniya kuma suna tsallake wani lissafi. In gas ka ƙona don samun kilojul 247 ɗin nan, ka mayar da kashi ɗaya cikin uku ko fiye na abin da ka cinye ta bututun hayaƙi, in kuma dizal ka yi, ranar da mota ta ƙona shi kabon ya koma sama.

Abin da ya fi kusa da mu kashin shanu ne. Daga rugagen da ke kewaye da dajin Falgore zuwa turakun masu kiwo a Bebeji da Kiru, ga shi nan tuli. In aka dama shi da ruwa aka rufe a rami ba iska, ƙananan halittu su ci su ba da gas wanda kimanin kashi 60 cikin 100 metan ne, kusan duk sauran kuma kabon dayoksaid. Haɗin da busasshiyar hanya ke nema ke nan, an riga an gauraya shi tun daga rami, shi ya sa ɗakunan bincike da yawa a duniya a kansa suke gwada sababbin katalis. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gina irin waɗannan ramuka. A Jami'ar Ahmadu Bello kuma masu injiniyancin sinadarai sun yi shekaru suna fitar da alumina da ziyolait, kayan da ake yin katalis da su, daga farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina. Ga gida ɗaya ko ruga ɗaya, hankali shi ne a ja gas ɗin zuwa murhu a dafa tuwo, ko a turara shinkafar da matan Tudun Wada ke turarawa da itace, a kai ragowar ramin gona. Rifoma sai inda kashi ke taruwa da yawa kullum, babbar mayanka ko gonar madara.

Ko a can ma da farar wuta za a fara. Gas ɗin rami yana zuwa da warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma farar wutar da ke cikin wannan wari ta ninka abin da nikel ke jurewa sau dubbai, ta wuce ma awon da Rostrup-Nielsen ya yarda da shi nesa. Matakin farko na tace ta ba ya buƙatar kayan waje. A cika ganga da garin ƙarfen da ya yi tsatsa, irin wanda ke zuba a ƙarƙashin injin masu walda da masu yankan rodi, a gauraya da dusar katako don gas ya sami hanya, a bi da gas ɗin ta ciki. Tsatsar ta kama farar wutar ta yi baƙi. In ta ƙoshi, a fitar da ita a baza a inuwa a yayyafa mata ruwa, iska ta mayar da ita ja, a sake lodawa. Ba a tara ta wuri ɗaya, domin tana yin zafi da kanta har ta iya kama wuta.